Hasashen Siffar Makashi da Musayar Saƙo: Nazarin Kamun Dennis Rader a Mahangar Ra'o'in Sadarwa

Tsakure

Wannan maƙala ta binciki yadda aka kama Dennis Rader, wanda ya kashe mutum 10 a yankin Wichita na jihar Kansas ta Amurka tsakanin 1974 da 1991. Hujjarta ita ce, hasashen siffar mai laifi bai kai jami'an tsaro ƙofar gidansa ba, musayar saƙo ce ta kai su, kuma ra'o'in sadarwa tsakanin mutum da mutum sun fi bayyana dalilin haka.

Gabatarwa da Bitar Ayyuka

Hasashen siffar mai laifi shi ne a dubi wurin da aka yi kisa da yanayin gawa, a ƙiyasta shekarun makashin da sana'arsa da halayyarsa. Dabarar ta yi suna a hannun sashen nazarin halayya na hukumar FBI, wanda aka kafa a Kwantiko a 1972. Robert Ressler da John Douglas da Ann Burgess sun yi hira da makasa 36 a gidajen yari, suka raba masu kisan ɗauki ɗai-ɗai gida biyu: mai tsari, da marar tsari.

Da wannan rabo nake jayayya. Mutum 36 da suka yarda su yi magana, kuma akasarinsu gwanayen ƙarya, ba su isa a gina musu ra'i ba. David Canter da abokan aikinsa sun gwada rabon a 2004 da bayanan makasa 100 na Amurka, ba su sami gidajen nan biyu ba. Alamun tsari sun bayyana a kusan kowane kisa. Kafin nan, a 2003, Laurence Alison da abokansa sun ba 'yan sanda hasashe guda, suka nuna wa wani rukuni ainihin mai laifin, wani rukunin kuma mutumin da aka ƙirƙira, amma yawancin kowane ɓangare suka ce hasashen ya dace. Maganar da ta dace da kowa ba ta ware kowa ba. Sai dai masu sukan su ma sun tsaya a kan ƙididdiga, ba su taɓa tushen matsalar ba. Mai hasashe yana ɗaukar wurin kisa tamkar saƙo mai tafiya hanya ɗaya, daga mai aikawa zuwa mai karɓa, irin tsarin Shannon da Weaver na 1949. Mai karɓa a wannan tsari ba ya mayar da amsa, don haka ba shi da ikon sauya abin da za a aiko masa gaba.

Hanyar Bincike

An bi jerin saƙonnin Rader da amsoshin 'yan sanda kamar yadda suka fito a shari'arsa da rahotannin jarida, aka auna su da ra'o'i uku: na Watzlawick da Beavin da Jackson na 1967, wanda ya ce kowane saƙo yana ɗauke da ƙunshiya da kuma bayanin dangantakar masu magana, na Altman da Taylor na 1973 kan yadda mutum ke ƙara buɗe cikinsa gwargwadon amsar da yake samu, da na Grice na 1975, wanda ya ce masu zance suna ɗauka cewa abokin magana gaskiya yake faɗa.

Sakamako

Rader ya fara rubutu tun Oktoban 1974, lokacin da ya saka wasiƙa cikin wani littafi a ɗakin karatu na Wichita yana ɗaukar alhakin kashe mutum huɗu 'yan gida ɗaya. Shi ya raɗa wa kansa laƙabin BTK. A 1978 ya rubuta wa tashar talabijin ta KAKE yana ƙorafin cewa ba a ba shi suna a jarida yadda yake so. Ƙunshiyar waɗannan wasiƙu barazana ce, amma dangantakar da suke nema ita ce a san da shi, a amsa masa. Masanan FBI sun zauna a kan lamarin a 1984, suka fitar da siffofi, aka ƙara shekara 20 ba a kama shi ba. Duk wannan lokaci yana da mata da 'ya'ya, ya yi aiki a kamfanin sanya ƙararrawar tsaro a gidaje, daga baya ya zama jami'in ƙaramar hukumar Park City, har aka zaɓe shi shugaban majalisar cocinsu.

A Janairun 2004 jaridar Wichita Eagle ta yi rahoton cika shekara 30 da kisan farko. A watan Maris ya aika mata wasiƙa da hujjar wani kisa na 1986 da ba a taɓa tabbatar da cewa nasa ne ba. A nan 'yan sanda suka canja salo. Suka tsayar da mutum ɗaya, Laftanar Ken Landwehr, ya zama shi ke fitowa gaban 'yan jarida a kowane lokaci, yana magana ba zagi ba raini. Mai saƙo ya sami fuskar da zai yi wa magana. Saƙonninsa suka yawaita, suka ƙara tsawo, ya fara saka labarin rayuwarsa, gaskiya da ƙarya a cakuɗe, daidai da abin da Altman da Taylor suka bayyana.

Abin da ya fi muhimmanci ya faru a Janairun 2005. Rader ya bar saƙo cikin kwalin hatsin karin kumallo a bayan wata mota a harabar kantin Home Depot, yana tambayar 'yan sanda ko za su iya gano shi idan ya aiko da faifan kwamfuta. Ya roƙe su su faɗa masa gaskiya, su ba shi amsa ta ƙaramar talla a jarida. Suka buga tallar, suka ce ba komai. Ranar 16 ga Fabrairu faifan ya isa tashar KSAS. A jikin wani fayil da aka goge aka tarar da sunan cocin Christ Lutheran da sunan Dennis. Aka ga baƙar Jeep Cherokee a gidansa, irin wadda na'urar ɗaukar hoto ta kantin ta nuna, gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar, aka kama shi ranar 25 ga Fabrairu.

Wasu sun fassara wannan da jahilcin kwamfuta. Ban yarda ba. Wanda bai san haɗarin ba, ba zai yi tambayar ba tun farko. Ya san akwai haɗari, amma ya miƙa hukuncin ga wanda ke farautarsa, domin a ransa dangantakarsu ta riga ta zama ta abokan zance, kuma ƙa'idar Grice ta gaskiya tana aiki a tsakaninsu. Shaidar haka ita ce, bayan kamun ya tambayi Landwehr dalilin da ya sa ya yi masa ƙarya, Landwehr ya ce don yana neman kama shi ne. Baki shi ke yanka wuya, amma sai an sami mai sauraron da baki ya amince da shi. Haka aka gano George Metesky, mai dasa bama-bamai a Niyok, a 1957: wata jarida ta buga masa buɗaɗɗiyar wasiƙa, ya amsa da bayanin raunin da ya ji a wurin aiki, wata ma'aikaciyar kamfanin wutar lantarkin da ya yi wa aiki ta zaƙulo fayil ɗinsa. Yabon kuwa hasashen siffarsa da likita James Brussel ya yi ne ya tafi da shi.

Iyakokin Binciken

Dole a yarda cewa wannan nazari ya dogara ne da makasan da suka zaɓi yin magana, kuma akasarin masu kisan ɗauki ɗai-ɗai ba sa rubuta wa kowa. Wanda ake kira Zodiyak ya aika wasiƙu da yawa a Kalifoniya, har yau ba a gano shi ba. A Ingila kuma kaset da wasiƙun ƙarya na 1978 da 1979 sun karkatar da 'yan sanda daga Peter Sutcliffe, ya ci gaba da kisa har zuwa kamunsa a Janairun 1981. Wancan kuskure ya faru ne saboda an gaskata saƙon ba tare da hujjar da makashi kaɗai zai iya mallaka ba, alhali Rader ya haɗa wasiƙarsa ta 2004 da hotunan wurin kisa da kwafin lasisin tuƙin matar da ya kashe.