Daga Bashin Amana Zuwa Bashin Takarda

A wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi abin da ya ɗaga kakanninmu a fatauci, wato bashi.

A ƙarni na 19, ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja yakan ratsa Borgu ya biyo ta ƙasar Kotokoli, wani reshen kuma ta Mango, kafin ya isa kasuwar goro ta Salaga. Unguwar Didaure a Sokode mazaunin fatake ce tun asali. Kowane zango yana da maigida, shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan za a yi ciniki bashi. Yaron da ya nuna amana sai a ba shi jari ya juya, a raba riba, har wata rana ya sayi jakunan kansa. Wanda kuwa ba shi da mai tsaya masa, da dako ya fara, da dako yake ƙarewa.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa fatake, sannan mulkin Turawa ya juya hanyar kaya zuwa bakin teku. A farkon shekarun 1930 layin dogo daga Lome ya iso Blitta, ya tsaya nan, kayan Sokode da Dapaong suka koma bayan mota. Kamfanonin Turawa kan ba 'yan tsirarun dillalai kaya ko kuɗi kafin kaka. Alhassan Dantata, wanda ya fara da goron Gwanja, ta sayen gyaɗa wa kamfani ya zama babban attajirin Kano kafin rasuwarsa a 1955. Wanda kamfani ya yarda da shi ya yi sama, saura suka zama yaransa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, banki ya zo da sharaɗin jingina da takardar fili, abin da yawancinmu ba mu da shi. Da aka kariya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, mai hanyar rance ya sake cika shago, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa jarinsa ya daina sayen kayan da ya saba saya.

An samu sauƙi daga baya. Asusun adashin gata na COOPEC da ya haifi FUCEC ya fara a 1969, gwamnati kuma ta kafa FNFI a 2014, inda rancen farko a lokacin ya kasance sefa 30,000. Wannan yana tayar da mai tuyar ƙosai, amma ba ya cika mota daga Cinkassé zuwa Lome. Da yawa daga cikinmu kuma suna gudun kuɗin ruwa saboda addini. Shi ya sa matsakaicin ɗan kasuwa yake tsaye wuri ɗaya, giɓin da ke tsakaninsa da manya yana ƙaruwa.

Gyaran yana hannunmu. Mu rubuta adashinmu a littafi, domin mai biya a kan kari ya samu shaida. Mu farfaɗo da ba da jari a raba riba. Kowane babba a cikinmu ya tsaya wa yaro ɗaya bana, ko da ba ɗan gidansa ba ne.