Yadda Kamfanin Dell Ya Kai Aikin Amsa Waya Indiya, Da Abin Da Ya Biyo Baya

Duk wanda ya taɓa shiga Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba neman kwamfuta tokumbo, ya san sunan Dell. Kusan kowane shago za ka ga laftof ɗinsu mai suna Latitude a jere, ga kuma ta tebur mai suna OptiPlex. Ni ma da irinta nake rubuta wa Baba lissafin shanun da suka sauka kara da waɗanda suka fita bashi. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a kan waɗannan samfura biyu aka taɓa yin wata rigima a Amurka, wadda har yau ake buga misali da ita idan ana maganar kai aiki ƙasashen waje. Na tattaro bayanin a nan don amfanin 'yan kasuwarmu da matasa masu neman aiki.

Wane ne Dell?

Michael Dell ne ya kafa kamfanin a 1984, yana ɗan shekara 19, a ɗakin kwanansa na Jami'ar Texas da ke garin Austin, da jarin dala 1,000. Hedikwatarsa yanzu tana Round Rock, nan kusa da Austin. Dabararsa ita ce cire ɗan tsakiya. Kai ne za ka kira waya ka faɗi irin kwamfutar da kake so, a harhaɗa maka, a aiko maka gida. A 1996 suka fara sayarwa ta intanet. Da yake babu kuɗin haya na kanti, babu ribar dila, kayansu sun fi na saura sauƙi, har a 2001 Dell ya zarce Compaq ya zama na ɗaya a duniya wajen sayar da kwamfuta.

A riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen labarin: kamfanin da ba shi da shago, waya ce shagonsa. Idan kwamfutarka ta ƙi tashi, babu wani kanti da za ka rungume ta ka kai. Muryar da ta ɗaga wayarka, ita ce Dell ɗin gaba ɗaya a wurinka.

Me ake nufi da kai aiki ƙetare?

Shi ne kamfani ya ɗauke wani sashe na aikinsa daga ƙasarsa ya kai wata ƙasa inda ladan ma'aikata ya fi araha. Wani lokaci ya buɗe ofishinsa da kansa a can, wani lokaci ya ba wani kamfani kwangila. Dell ya yi duka biyun.

Indiya ta zama matattarar wannan harka saboda dalilai uku. Na farko, tana da ɗimbin matasa da suka gama jami'a kuma suna jin Turanci. Na biyu, albashinsu bai kai ko kusa da na Ba'amurke mai irin aikin ba. Na uku, a ƙarshen shekarun 1990 an shimfiɗa manyan wayoyin sadarwa a ƙarƙashin teku, sai kiran ƙasa da ƙasa ya yi sauƙi. Kamfanin General Electric ya riga ya buɗe hanya tun 1997. Dell ya buɗe cibiyarsa ta amsa kira a Bangalore a 2001, daga baya ya ƙara da Hyderabad da Mohali da Gurgaon, ya kuma buɗe wasu a Filifins da Panama da El Salvador.

Tsakanin Indiya da Texas akwai ratar sama da awa goma. Ke nan lokacin da Ba'amurke yake kira da rana tsaka, yaron da ke amsa masa tsakar dare ne a wurinsa. A irin waɗannan cibiyoyi na Indiya har koya wa ma'aikata karin harshen Amurkawa ake yi, wasu ma a laƙaba musu sunan Turawa na aiki.

Inda matsala ta fara

Ba a daɗe ba ƙorafi ya fara yawa. Masu kira suna cewa ba sa gane Turancin mai amsawa, shi ma ba ya gane nasu. Suna cewa ana karanto musu tambayoyi daga rubutaccen tsari, ko da kuwa mai kiran injiniya ne da ya riga ya gwada duk matakan: ka kashe ka kunna? Ka duba wayar wuta? Ga doguwar jira, ga turawa daga wannan sashe zuwa wancan, kowa ka je wurinsa sai ka sake labari daga farko.

A watan Nuwamba na 2003 Dell ya sanar da cewa zai daina tura kiran manyan kwastomominsa masu OptiPlex da Latitude zuwa Bangalore, zai mayar da su cibiyoyinsa na Texas da Idaho da Tennessee. Waɗannan kwastomomi su ne kamfanoni da ma'aikatun gwamnati da makarantu, masu sayen ɗaruruwa lokaci guda, kuma daga wurinsu mafi yawan cinikin Dell yake fitowa. Mai sayen guda ɗaya don amfanin gida kuwa, kiransa ya ci gaba da tafiya Indiya. Wannan ya nuna wa kowa cewa kamfanin ya san da matsalar, amma ya fara da lallashin mai babban aljihu.

A daidai wannan tsakani kuma, daga 2003 zuwa 2005, aka samu matsalar wani ɗan ƙaramin abu a cikin injin wasu OptiPlex, wanda masu gyara ke kira kafasito. Yana kumbura ya zubar da ruwa, kwamfuta ta mutu. A 2005 sai da kamfanin ya ware kimanin dala miliyan 300 don wannan gyara. Kaya na lalacewa, kira na ƙaruwa, masu amsawa ba su ƙaru da ƙwarewa ba.

Mutum ɗaya da shafinsa

A watan Yuni na 2005 wani ɗan jarida Ba'amurke, Jeff Jarvis, ya fara rubutu a shafinsa na intanet mai suna BuzzMachine game da sabuwar laftof ɗin Dell da ya saya, har ya biya kuɗin garantin a zo gida a gyara masa, amma aka yi ta yawo da hankalinsa. Ya sa wa abin suna Dell Hell, wato azabar Dell. Jama'a suka yi ta tururuwa suna zuba nasu labarin a ƙasan rubutun, manyan jaridu suka ɗauka. A ma'aunin gamsuwar kwastomomi da Jami'ar Michigan ke fitarwa a wancan lokacin, makin Dell ya sauko daga 79 a 2004 zuwa 74 a 2005.

Shekarar 2006 ba ta zo musu da sauƙi ba. A watan Agusta suka janye batiran laftof miliyan 4.1, ƙirar Sony, saboda haɗarin kamawa da wuta. Kafin ƙarshen shekarar HP ya ƙwace matsayi na ɗaya. A watan Janairun 2007 shugaban kamfanin, Kevin Rollins, ya sauka, Michael Dell ya dawo kan kujerarsa. A watan Mayu na shekarar, babban lauyan jihar New York, Andrew Cuomo, ya maka su kotu kan yaudara wajen tallar bashi da rashin cika alƙawarin garanti. Kotu ta same su da laifi a 2008, a 2009 suka amince su biya dala miliyan 4.

Laifin 'yan Indiya ne?

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Harshe ya taka rawa, gaskiya ne, amma babbar matsalar tsarin da aka ɗora ma'aikatan a kai ne. Ana auna ƙwazon mai amsa waya da gajartar kiransa: ka sallami mutum da wuri, ka ɗauki na gaba. To, idan matsalar mai kira mai wuya ce, me yaro zai yi don kada a ce ya yi nawa? Sai ya tura shi wani sashe. Wani babban jami'in kamfanin, Dick Hunter, ya amsa wannan a hirar da mujallar BusinessWeek ta buga a 2007, inda aka nuna cewa a da kashi 45 cikin 100 na kira sai an tura shi gaba, bayan gyara ya sauko zuwa 18. Ƙari a kan haka, aikin dare da zagin masu kira na sa ma'aikata barin aiki da wuri, kullum sababbin hannu ake koya wa.

Mu da muka taso a kara mun san wannan. Idan mahauci ya sayi sa, aka yanka aka tarar da cuta a ciki, wurin mai gida yake dawowa. Idan yaron da ya tarar ba shi da ikon rage ko sisi, sai dai ya ce a jira Alhaji, gobe ma a jira Alhaji, to ko da yaron ya iya Yarbanci kamar ɗan Ibadan, mahaucin ba zai sake dawowa ba. Abin da mai ƙorafi ke nema shi ne wanda zai iya yanke magana. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gyaran da aka yi

A 2006 Dell ya ce zai zuba sama da dala miliyan 100 wajen ɗaukar ma'aikatan amsa kira da horar da su. Ya daina ƙirga mintocin kira, ya koma duba ko an warware matsalar. A watan Yulin 2006 ya buɗe shafin Direct2Dell don amsa ƙorafi a bainar jama'a, a Fabrairun 2007 ya buɗe IdeaStorm inda kwastomomi ke ba da shawara. A 2007 ɗin dai ya karya tsohuwar al'adarsa ya fara sa kaya a kantunan Walmart. A 2008 kuma ya fito da wani tsari: wanda yake son ma'aikacin da ke zaune a Arewacin Amurka ya amsa masa waya, sai ya biya dala 12.95 a wata. Abin da a da kyauta ne, ya koma na kuɗi.

Amma fa kada a ɗauka ayyukan sun koma gida. Cibiyoyin Indiya sun ci gaba, har cibiyar Twin Falls ta Idaho ma rufe ta aka yi a farkon 2010. Haka abin ya shafi masana'antu. A Janairun 2009 Dell ya sanar da ɗauke harhaɗa kwamfuta daga Limerick ta ƙasar Ailan zuwa Lodz ta ƙasar Polan, mutum 1,900 suka rasa aiki. Masana'antarsa ta Winston-Salem a jihar North Carolina, wadda aka buɗe a 2005 bayan gwamnatin jihar ta yi masa alƙawarin rangwamen haraji mai yawa, an rufe ta a 2010. Ita kanta Indiya, wajen 2010 zuwa 2011 Filifins ta sha gabanta a aikin amsa kira, domin Turancinsu ya fi kusa da kunnen Amurkawa. Aikin da araha ta kawo, araha ce ke ɗauke shi.

Abin da ya shafe mu

Na farko, ga mai sayen tokumbo. Yawancin Latitude da OptiPlex da ke kasuwanninmu tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, garantinsu ya ƙare. Kowace kwamfutar Dell tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi bakwai, galibi a manne a ƙasanta. Ka shigar da ita a shafin kamfanin, za ka ga samfurinta na gaskiya da ranar da garanti ya ƙare. Bayan nan, garantinka shi ne mai shagon: ka karɓi rasiti, a rubuta kwana nawa ya ba ka na gwaji.

Na biyu, ga matasa. A 2024 mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da wani shiri a Gombe na jawo irin waɗannan ayyuka zuwa Najeriya. Yaran da suka tashi a Sabo ko Agege ko Shagamu, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, suna da abin da cibiyoyin amsa kira ke nema. A shiga idan an samu, amma a haɗa da koyon gyara ko wata sana'ar kwamfuta, don mun ga yadda aikin ke tashi dare ɗaya.

Na uku, ga iyayenmu 'yan kasuwa da ke barin yara a kan dukiya su tafi Arewa saro kaya. A ba yaron da aka bari iyakar abin da zai iya yankewa da kansa, a kuma sanar da kwastomomi. Kuɗin da Dell ya kashe wajen dawo da amincin jama'a, da hasarar matsayinsa na ɗaya, sun isa darasi.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mana amana.