Hana Ƙwari Iska: Hanyar Adana Hatsi Ba Tare Da Guba Ba

Sauya iskar ma'ajiya hanya ce ta kashe ƙwarin hatsi ta hanyar rage musu iskar da suke shaƙa, maimakon zuba musu magani. Iskar da ke kewaye da mu tana ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, mafi yawan ragowar kuma naitirojin ce. Idan oksijin ta yi ƙasa sosai a cikin rufaffen wuri, ko kuma iskar kabon dayoksaid ta yi yawa, ƙwaro da tsutsarsa da ƙwansa ba sa rayuwa.

Ƙwarin da ake yaƙa

Mafi shahara a ƙasar Hausa shi ne ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus. Tun daga gona yake biyo wake. Macen takan manna ƙwai a bayan ƙwayar, tsutsar ta huda ta shiga ciki tana ci, bayan makonni uku zuwa huɗu ta fito a matsayin cikakken ƙwaro. Saboda saurin wannan haihuwa, buhun da aka ajiye da kaka yana iya komawa huda da gari kafin bazara. Masara da dawa da shinkafa da alkama su ma suna da nasu ƙwarin.

Da yake ɓarnar a cikin ƙwaya take aukuwa, wasu 'yan kasuwa sukan kwarara magunguna irin su fiya-fiya a kan hatsi. Illar ba ta tsaya ga lafiyar mai ci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin diklobos da aka samu a cikinsa.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce a rufe hatsin ruf, a bar ƙwarin su cinye iskar da kansu. Suna numfashi oksijin tana raguwa, kabon dayoksaid tana ƙaruwa, har su daina ci da haihuwa. Binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ya nuna cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa ƙwaron wake, domin da oksijin jikinsa ke samar da ruwa daga abincin da ya ci. Durom da jarka masu marfi mai kamawa suna wannan aiki, haka ma buhun PICS mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Larry Murdock na Purdue da masana aikin gona na arewacin Kamaru ne suka ƙirƙiro dabarar a ƙarshen shekarun 1980, daga 2007 kuma aka yaɗa buhun a Najeriya da Nijar da wasu ƙasashen yankin.

Ta biyu ita ce a hura naitirojin cikin rumbun ƙarfe har ta kore oksijin zuwa kashi 1 ko 2 cikin ɗari. Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Najeriya, NSPRI, mai hedikwata a Ilorin, ta daɗe tana aiki da irin waɗannan rumbuna.

Ta uku ita ce a zuba kabon dayoksaid. A nan ba sai oksijin ta ƙare ba, domin iskar da kanta tana cutar da ƙwaro. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta gaza kashi 35 cikin ɗari har tsawon kwana 15. Hanya ta biyu da ta uku sun fi dacewa da manyan ma'ajiyai da kamfanonin fitar da kaya, saboda tsadar kayan aiki.

Sharuɗɗan nasara

Asirin duka ukun ɗaya ne: kada iska ta samu ƙofa. Hudar da ba ta wuce bakin allura ba tana iya rushe aikin watanni. Don haka ake hura kowace leda a matsa ta kafin a zuba hatsi, a cika buhu, a matse iskar da ta rage, a ɗaure kowane ninki daban. Sannan a ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango da ɓera. Wanda ke buɗe buhu kullum yana ɗiba, ƙwaro yake ba numfashi.

Dole hatsin ya bushe sarai. Wanda aka rufe da danshi yakan yi tsami, irinsa kuma ya ƙi tsira. Zafi yana gaggauta mutuwar ƙwari, abin da ya sa dabarar ta dace da yanayinmu.

Iyakokinta

Hanyar ba ta da sauri kamar magani. Tana bukatar makonni. Ba ta kuma barin kariya a jikin hatsi: da zarar an buɗe, sabon ƙwaro yana iya shiga. Tsutsar ƙwaron kafra, Trogoderma granarium, tana iya yin dogon barci ta jure ƙarancin iska fiye da sauran. Akwai kuma haɗari ga ma'aikata, domin shiga rumbun da aka cika da naitirojin ko kabon dayoksaid kafin iska ta ratsa shi yana iya halaka mutum cikin mintuna.

Ga ɗan kasuwar da ke saye da kaka yana jiran farashi, ko ma'aikacin da ke ajiye abincin shekara, ribar a fili take: hatsin da aka fitar daga irin wannan ajiya ana iya dafa shi a ranar, ba tare da fargabar guba ba.