Damagaram da Tabkin Cadi: Sana'ar Su da Haɗarin Jirgin Ruwa a Tarihi

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana nufin ta duba dangantakar ƙasar Damagaram da Tabkin Cadi ta fuskar sana'ar su. Tsakanin Zinder da Ngigmi akwai wajen kilomita 600, saboda haka Damagaram ba ƙasar bakin ruwa ba ce. Amma hanyar fatauci ta daɗe da haɗa su. Abin da za mu nuna shi ne, duk lokacin da jirgi da kayan su suka sake, irin haɗarin da masunci yake fuskanta shi ma yakan sake.

2. Tabkin kafin zuwan Turawa

A ƙarni na 19 Damagaram tana biyan gaisuwa ga Barno, ko da yake a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ta yi ƙarfin da har ta mamaye Muniyo. Ayarin da ke bin hanyar Kukawa yana ɗauko kanwa da manda da busasshen kifi zuwa yamma. Tsakiyar ruwan kuwa tana hannun mutanen tsibirai, waɗanda suke kiran kansu Yedina, maƙwabtansu kuma suna ce musu Buduma.

Jirgin Yedina, wato kadai, da ciyawar ruwa ake ɗaure shi dami-dami. Ba ya nitsewa farat ɗaya ko ruwa ya hau kansa, domin ciyawar da kanta take yin iyo. Aibinsa shi ne bayan 'yan watanni yakan sha ruwa ya yi nauyi, sai a ɗaura sabo. Bature na farko da ya yawata tsibiran a jirgi shi ne Bajamushe Adolf Overweg, a 1851, cikin jirgin katako da aka ratso Sahara da shi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma. Suna da kadai ya yi ya kai har a 1969 Thor Heyerdahl na ƙasar Nowe ya ɗauki maɗaura daga Bol suka haɗa masa jirginsa Ra a Masar.

3. Bazara da halin ruwa

Tabkin Cadi faɗi gare shi, ba zurfi ba. A shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 25,000, zurfin ɓangaren arewa bai wuce 'yan mitoci ba. A irin wannan ruwa iska tana tayar da igiya gajera mai tsini, wadda take dukan jirgi a kai a kai ba hutu. Lokuta biyu ne suka fi muni: hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas take busawa tun safe, da kuma ƙarshen bazara, watannin Mayu da Yuni, sa'ad da hadari yake tasowa daga gabas da guguwa a gabansa. A wannan lokaci na biyu ruwa ya ja baya, kifi ya taru, masunci yana kwaɗayin ya yi nisa. Ga kuma dorina, ga tsibiran ciyawa da iska take turawa su toshe hanyar komowa. Kariyar da ake da ita a da ilimi ce: sanin fuskar hadari, da sanin mashigi, da bin maganar dattawan ruwa.

4. Komar roba da inji

Daga farkon shekarun 1960 komar zaren nailan ta bazu a tabkin. Hausawa masunta suka yi ta kwarara, suka zo da kwale-kwalen katako, daga baya aka ɗaura masa inji. Giwan ruwa da sauran manyan kifaye suka zama banda, ana kai ta kasuwannin Nijeriya ta Baga da Maiduguri. A 1964 Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tabkin Cadi. Kwaltar da aka shimfiɗa daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon Kanada a shekarun 1970 ta sauƙaƙa wa matasan Damagaram zuwa cin rani a bakin ruwa.

A nan ne haɗari ya sake kama. Jirgin katako yana ɗaukar kaya masu yawa, yana kuma zuwa nesa, amma in ya cika da ruwa ga nauyin inji da buhuna, sai ya tafi ƙasa. Yawancin baƙin da suka fito daga ƙasar tudu ba su iya iyo ba, ba su kuma gaji ilimin hadari ba.

5. Fari da abin da ya biyo baya

Farin 1972 zuwa 1973 ya raba tabkin gida biyu. Masu binciken ORSTOM sun nuna yadda kamu ya yi yawa ƙwarai a wajen 1974, saboda kifi ya matsu a ɗan ruwan da ya rage, kafin giwan ruwa ya ƙare a ɓangaren arewa, tarwaɗa da karfasa da gaiwa su maye gurbinsa. A tsakiyar shekarun 1980 gefen Nijar ya ƙafe sarai, ruwa bai dawo sosai ba sai ƙarshen shekarun 1990. Abin da ya dawo fadama ce mai ciyawa da kututture, inda gura ta fi babbar koma amfani. A 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Boso da tsibirin Karamga, hukuma ta kwashe mutane daga tsibirai, ta hana cinikin kifi na wani lokaci.

6. Kammalawa

Tarihin nan yana nuna cewa kayan aiki sun yi gaba, sun bar ilimin kare rai a baya. Darasin ya shafi ƙananan ruwayen jahar Zinder, irin su Gidimuni da Lasuri, inda ake su a yau. Akwai aiki a gaban ɗalibanmu: su tattara bakin tsofaffin 'yan cin rani na Mirriya da Gure da Magariya, su rubuta sunayen iskoki da alamun hadari da ƙa'idojin sarakunan ruwa, tun masu ilimin suna raye.