Injin Jiragen da Suka Fara Sauka Kano

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Maiduguri.

Sunan irinsu DH.9A. Wanda suka gada, watau DH.9, injinsa rarrauna ne, yakan mutu a sama. A 1918 aka ɗaura masa injin Liberty na Amurka, mai ƙarfin doki 400. Da yake ya fi nauyi, tilas aka faɗaɗa fukafukai, aka ƙarfafa gangar jikin.

Har yau wannan ƙa'ida masu ɗaura injin fetur a ƙananan jiragen wasa, waɗanda ake tuƙawa da rediyo, suke bi. Sai sun daidaita nauyin gaba da na baya, in ba haka ba jirgi ya faɗo.