Tarihin Hukunta Tuƙi Cikin Maye: Nazari Daga Zangon Kumasi

Gabatarwa

Fataken Hausa da suka riƙa ɗauko goron ƙasar Asante a kasuwar Salaga, da jakuna da 'yan alaro suke tafe. Wanda ya bugu a cikin ayari, kansa ya fi cutarwa. Zangon Kumasi ya bunƙasa bayan Turawan Ingila sun mamaye garin a 1896. Jirgin ƙasa ya iso a 1903, daga bisani manyan motoci suka karɓe dakon goro. Tun daga nan mayen direba guda ya zama barazana ga rayukan mutane masu yawa, dole doka ta tanka.

Daga Shaidar Ido Zuwa Awo

Dokokin hanya na Gana a Ingila suka samo tushe. Can a Landan, a 1897, aka kama wani direban tasi, George Smith, yana tuƙi a buge, aka ci shi tara. A zamanin, kotu da shaidar ido take aiki: tangaɗi, warin baki da sarƙewar harshe, abubuwan da suke da sauƙin musantawa. Ƙasar Norway ce ta fara ƙayyade adadin barasa a jini a 1936. A 1954 Robert Borkenstein ya ƙera na'urar awon numfashi a Amurka, sannan a 1967 Ingila ta tsayar da miligiram 80 cikin mililita 100 na jini. Wannan ma'auni, wato kashi 0.08 cikin ɗari, shi Gana ta sa a Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 2004 mai lamba 683.

Yaushe Yake Zama Babban Laifi?

Dokokin laifuka na Gana na 1960 sun bambanta ƙaramin laifi da babba. Direban da awonsa ya haura ƙa'ida, bai kuwa illata kowa ba, tara ce a kansa ko ɗauri. In tuƙin ganganci ya jawo asarar rai, ɗaurin ba ya gaza shekara 3. In kuma sakacin ya yi muni ƙwarai, ana iya tuhumarsa da kisan da ba na niyya ba, babban laifi mai daraja ta ɗaya, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin rai da rai.

Kammalawa

Almajirin fiƙihun Malikiyya a Zango ya karanta cewa mashayi bulala 80 ne haddinsa, kisan kuskure kuma diyya da kaffara. A can shan ne laifin. Dokar Gana ba ta hana sha ba, har barasar gida da ake kira akpeteshie ta halatta a 1962. Abin da ta hana shi ne kama sitiyari bayan an sha fiye da ƙa'ida, tana kuma auna girman laifin da girman ɓarnar. Sai dai kotu bayan aukuwa take zama. Fasinjan da ya ji warin giya a bakin direba a tashar Kejetia, ya sauka tun mota ba ta tashi ba, ya riga alƙali yanke hukunci.