Yadda ake sarrafa amoniya, tushen takin zamani

Amoniya ita ce ginshiƙin takin yuriya da sauran takin zamani masu ɗauke da naitirojin, kuma masana sun yi ƙiyasin cewa abincin kusan rabin al'ummar duniya ya dogara da irin wannan taki.

Wani Bajamushe, Fritz Haber, ne ya nuna hanyar haɗa ta a 1909, sannan Carl Bosch na kamfanin BASF ya kai ta matakin masana'anta a Oppau a 1913.

Ana samun naitirojin daga iskar da ake shaƙa, haidirojin kuma galibi daga iskar gas. Kilo 28 na naitirojin da kilo 6 na haidirojin kan ba da kilo 34 na amoniya.

Matsalar daidaito

Haɗuwar ba ta kai wa ƙarshe, domin yayin da amoniya ke samuwa, wani ɓangarenta na sake wargajewa, har a kai matsayin da ɓangarorin biyu za su daidaita.

Matsi mai yawa na ƙara yawan amoniya. Zafi kuwa yana rage ta, sai dai in babu shi aikin kan yi tafiyar hawainiya.

Don haka masana'antu kan tsaya a kan zafi 400 zuwa 500 a ma'aunin Selshiyos, da matsin da ya ninka na sararin duniya sau 150 zuwa 300, tare da ƙarfen da ke hanzarta haɗuwar.

Duk da haka, kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai ke zama amoniya a zagaye guda.

Mayar da ragowa

Akan sanyaya iskar har amoniya ta zama ruwa a kwashe, ragowar kuma a mayar da ita tukunya tare da sabuwar iska. Ke nan a duk kashi 100 da ke shiga tukunyar, kusan 85 tsohuwar iska ce.

Ta haka jimillar abin da ke zama amoniya kan kai kusan kashi 97 cikin 100.

To amma ƙa'ida ce cewa duk abin da ya shiga masana'anta, in bai fita ba, taruwa zai yi. Iskar agon da ragowar gas kan biyo sabuwar iska, kuma ba sa shiga haɗuwar.

Saboda haka akan riƙa fitar da ɗan kaso daga iskar da ke zagayawa. In aka fitar da yawa, an yi asarar haidirojin mai tsada. In aka yi ƙwauro, baƙin su cika tukunya, amoniya ta ragu.

A Najeriya, wannan hanya ce ake bi a masana'antar Indorama da ke Eleme, da ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022.